Mai gyaran kwamfutar da ya gano min matsalar bakof ɗin shagona a Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Mutum biyu sun tare ni bayan sallar Isha suna tambaya wai ina na kai kwamfutar shago aka gyara, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya gani, musamman ƴan uwa masu kargo da masu mahal, wato shago, irina da duk lissafinsu ke cikin kwamfuta ɗaya. Ba zan kama sunan wurin ba don ban nemi izininsa ba, amma yana nan Shara Khalid bin Walid inda masu kwamfuta suke, ɗan ƙaramin mahal ne a sama, sai ka hau bene. Mai wurin yaro ne matashi, Bahaushe haihuwar Makka, Hausarsa rabi Larabci ce amma za ku fahimci juna sarai.

Ni sana'ata kargo ce, wajen Bab Sharif nake, muna tura kaya Kano, abaya da jallabiya da dabino da turare da darduma, duk kwalin da ya shigo sai an rubuta sunan mai shi da kilo da lambar wanda zai karɓa a can. Ɗan yayata ne ya haɗa min tsarin kafin ya koma gida karatu, ya sa kullum ƙarfe 11:30 na dare kwamfutar da kanta ta kwafi fayil ɗin lissafi da faturori ta zuba su a wata tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin baya, wannan kwafin ajiyar shi ake kira bakof. Da abin nan na cikin Windows ya yi, Task Scheduler, wanda kake ba shi aiki da lokaci shi kuma ya riƙa yi ba sai ka taɓa ba. Wata da watanni abin na tafiya lafiya lau har na daina dubawa.

Ranar da asiri ya tonu wata Hajiya ce ta zo neman bayanin kwalayenta guda huɗu, yaron shago ya buɗe fayil sai muka ga ashe ya goge layuka da yawa bisa kuskure ya kuma yi sebin a kai. Na ce ba komai a ɗauko na jiya a ɗakin baya. Muka buɗe folda, wallahi kwafin ƙarshe kwana 19 ke nan da yin sa. Gabana ya faɗi, don ba maganar Hajiya kaɗai ba ce, kowa ya san tun 4 ga Disamba 2021 fatura a ƙasar nan ta koma ta na'ura, kuma takardun haraji ana so ka ajiye su aƙalla shekara 6, to idan da faifan kwamfutar ne ya mutu gaba ɗaya fa? Allah ya taimake mu muna da rasit na hannu mai kabon, dare uku muka yi ni da yaran muna sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara kiran wani da aka haɗa ni da shi, ya zo ko minti goma bai yi ba ya ce bairos ne sai an yi fomat, riyal 200. Na tambaye shi ta yaya ya gane, ya ce haka suke yi. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, kwamfutar da komai nata ke aiki, firinta na aiki, intanet na aiki, abu ɗaya ne kawai ya tsaya, a ce a share ta duka? Na sallame shi da kuɗin mota.

Shi wannan muhandis ɗin da nake ba ku labari, da na je mahal ɗinsa da niyyar in kawo masa kwamfutar sai ya ce a'a Kawu kar ka ɗago ta, irin wannan mushkilar a inda take zaune ake ganinta, ni zan zo. Wannan maganar ce ta fara sa na yarda da shi. Ya ce bayan La'asar, bai zo ba sai bayan Magariba, kuma bai kira ya ce zai makara ba, wannan kam ban ji daɗinsa ba kuma na faɗa masa.

Da ya zauna bai taɓa komai ba tukuna, tambaya ya fara yi. Yaushe rabon da a kashe kwamfutar? Na ce ai ba ma kashe ta. Sai yaron shago ya tuna ranar da mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya zo ya sauke wutar shagon gaba ɗaya wajen awa ɗaya. Muhandis ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta taskschd.msc, ya nemo aikin a jeri, ya ja sikirin gefe ya nuna min wurin da ake rubuta ranar da aiki ya tashi na ƙarshe. Daren da ya gabaci zuwan mai mukayyif ne cif. Ya juyo da sikirin ɗin wajena ya sa yatsa a kan kwanan watan ya ce Kawu duba da kanka, ba bairos ba ne, tun da ta mutu ta tashi aikin bai sake motsi ba.

Dalilin kuwa ashe ƙarami ne. Kwamfutar akawun biyu gare ta, na ɗan yayata da na yaran shago. Shi da ya haɗa aikin a akawun ɗinsa ya haɗa, kuma a shafin farko na aikin akwai zaɓi biyu, ɗaya na cewa aikin ya tashi sai idan mai akawun ɗin yana ciki, ɗayan na cewa ya tashi ko yana ciki ko ba ya ciki. Na farkon ne a zaɓe, dama shi ne yake zuwa a zaɓe idan ba ka canza ba. Ranar da zai tafi bai fita daga akawun ɗinsa ba, sauyawa kawai ya yi zuwa na yara, to nasa ya ci gaba da zama a buɗe ta baya duk watannin nan shi ya sa bakof ke tafiya. Da wuta ta ɗauke aka kunna, yara suka shiga nasu kamar kullum, nasa kuwa ba wanda ya sake buɗewa. Aikin yana nan, an rubuta a shirye yake, ba wani jan rubutu ba wani gargaɗi, amma mutumin da yake jira ya shigo yana Kano. Muhandis ya ce ko ba mai mukayyif dama ranar na zuwa, don sabuntawar Windows da ke fitowa Talata ta biyu a kowane wata ma takan sa kwamfuta ta yi ristat da dare.

Sai da muka kira ɗan yayata a WhatsApp ya ba mu fasawod, lokacin su can ana shirin Magariba tunda awa biyu muke gabansu, don idan ka koma zaɓi na biyun sai ka sa fasawod ɗin akawun ɗin ta adana. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa da ke cewa kar a adana fasawod, ya ce kar in kuskura in taɓa shi, idan aka sa masa alama aikin ba zai iya kai hannu kan wata kwamfuta ta netwok ba, mu kuma ɗakin baya muke so ya kai.

Ni a nan na ɗauka an gama har na ce yaro ya kawo shayi. Shi kuwa ya ce tukuna. Ya kunna tarihin ayyuka daga gefen dama, wai a kashe yake zuwa shi ya sa ba mu da labarin abin da ya faru a kwana 19 ɗin, sannan ya tayar da aikin da hannu. Sakamako ya fito 0x1. Ya ce 0x0 muke nema, shi ne an gama lafiya, wannan kuwa ya tashi amma ya faɗi a hanya. Ya buɗe ɗan fayil ɗin umarnin da ɗan yayata ya rubuta, layi biyar ne ko shida, ya ga an ce a kwafa zuwa Z:. To shi wannan harafin Z ɗin laƙabi ne kawai da ake ba foldar ɗakin baya idan mutum ya shiga akawun ɗinsa, aikin da ke tashi ba kowa a ciki bai san wani Z ba. Ya goge ya rubuta cikakken adireshin, sanda biyu masu karkata sai sunan kwamfutar baya sai sunan folda. Ya kuma cike wani gurbi da aka bari fayau, inda ake gaya wa aikin foldar da zai fara daga ciki, ya ce idan ba a cike ba can cikin foldar Windows yake zuwa neman fayilolinka ya rasa, kuma a wannan gurbin ba a sa alamar zance ko da sunan foldar na da tazara. Ya sake tayarwa, 0x0, muka leƙa ɗakin baya ga kwafin yau ya sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin ƙarshe, don da wani ne nan zai karɓi kuɗinsa ya tafi. Ya shiga shafin setin ya sa alama a inda ke cewa idan lokacin aiki ya wuce kwamfuta na kashe to ta yi shi da zarar ta samu dama, ya kuma sa idan ya faɗi ya sake gwadawa har sau uku. Sannan ya matso da lokacin aikin zuwa minti biyar masu zuwa, ya kashe kwamfutar ɗungurungum, muka zauna har lokacin ya wuce, ya kunna ya bar ta a sikirin ɗin fasawod ya ce kar wanda ya taɓa maus. Minti biyu, minti biyar, shiru, na fara cewa anya, ya ce sabur ya Kawu, aikin da aka rasa lokacinsa ba nan take yake tashi ba, yakan jira wajen minti goma. Muna shan shayi yana ba ni labarin kakansa da ya zo aikin Hajji ta Sudan a ƙasa ya zauna, can sai ga sabon fayil ya bayyana a kwamfutar baya alhali ta gaba ko shiga ba a yi ba. Sai a lokacin ya mayar da agogon aikin 11:30.

Ya ƙara min da wasu abubuwa a tsaye yana haɗa jakarsa. Wai masu laftof su lura, akwai sharaɗin da ke zuwa a kunne na cewa aiki ba zai tashi ba sai tana jone da wuta. Kuma duk wanda ya sa aikinsa ya tashi lokacin kunna kwamfuta ya sani tun daga Windows 8 akwai saurin kunnawar nan da ke sa kashewa ta zama kamar dogon barci, to aikin kan iya ƙin tashi sai an yi ristat na gaske ko an kashe wannan setin. Ya ce min kuma tawa Windows 10 ce kuma tallafinta ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, in fara tunanin canji, amma bai ce in saya a wurinsa ba duk da yana sayarwa.

Riyal 150 ya karɓa har da zuwansa, ya turo min fatura mai lambar QR da harajin kashi 15 a ciki, ba wani ɓoye-ɓoye. A ganina kuɗin bai yi yawa ba ko kaɗan, kusan awa biyu ya yi.

Bayan sati biyu wani yarona ya bar aiki sai na canza duk fasawod na shago har da na akawun ɗin ɗan yayata, washegari na duba na ga wata doguwar lamba, 0x8007052E. Na kira muhandis ɗin sau uku bai ɗaga ba, na tura saƙo sai dare ya amsa, wannan ita ce matsalarsa ta biyu, waya ba ta dame shi ba, idan abinka na gaggawa ne gara ka taka ka hau benen. Amma da ya amsa murya ya turo min ta minti ɗaya, ya ce lambar na nufin fasawod ɗin da aikin ya riƙe ya tsufa, in buɗe aikin in danna OK zai tambaye ni sabon in sa. Na yi, aikin ya ci gaba, shi kuma ko halala bai nema ba.

Wanda zai je ya tafi bayan La'asar don da safe sau da yawa yana waje wurin aiki, ranar Juma'a kuma sai yamma yake buɗewa, wajen fakin a titin nan akwai wahala sosai gara ka ajiye mota nesa ka ƙarasa da ƙafa. Ka riƙe fasawod ɗin duk akawun da ke kan kwamfutarka kafin ya zo kar ku ɓata lokaci kuna kiran gida kamar yadda muka yi. Ya bar min ƴar takarda manne a gefen sikirin da rubutun hannunsa, 0x0 da alamar daidai a gabanta, yanzu kullum na buɗe shago kafin in karɓi kwalin kowa sai na duba lambar nan na kuma leƙa foldar ɗakin baya na ga kwanan watan jiya.