Masu Duba Gyaran Tsofaffin Soraye a Birnin Katsina: Sun San Ƙasa, Amma Takarda Ta Yi Musu Ƙaranci

Akwai wata 'yar tawaga a cikin birnin Katsina da masu tsofaffin gidajen ƙasa ke nema idan zaure ya tsage ko soro ya fara yoyo. Ba su ke karɓar kwangilar ginin ba. Nasu shi ne su duba ciwon gini, su tsara abin da za a fara da abin da zai biyo baya, sannan su tsaya a kan magina da leburori har a kammala. Su uku ne: dattijon magini da ya gaji sana'ar, da mataimakinsa da ya fi ƙwarewa a rufin azara, da wani matashi da ya karanta fasahar gini. Na gina wannan sharhi ne a kan ayyukansu na unguwannin Gambarawa da Masanawa da Rafindaɗi, waɗanda damina ta riga ta gwada su.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba sa nufar tsagar da mai gida ya nuna musu. Sai sun hau sama tukuna sun duba indararo da rawani (gajeren bangon da ke zagaye saman rufi) da gindin zankwaye, sannan su sauko su bi gindin bango ta waje. Wannan daidai ne, domin ruwa ke kashe ginin ƙasa, kuma ta waɗannan wurare biyu yake shiga. Indararon da ya toshe ko ya yi gajarta yakan zubo ruwa a jikin bango ya ci shi. A ƙasa kuma, yawancin lungunan cikin birni an ciccike su har sun fi daɓen gidaje tsawo, ga lambatun siminti manne da katanga. Danshi na hawa bango da gishirinsa, ƙasar ta koma gari, gindi ya sirance, nauyin sama ya rasa mazauni. Tsagar da ake gani can kusa da rufi sau da yawa daga nan ta samo asali. Dattijon yakan ƙwanƙwasa bango da bayan hannu don jin inda yaɓe ya rabu da tubali, ya soka wuƙa a kan kowace azara daidai inda ta shiga bango, tunda nan gara ke fara ci.

Ba sa yarda a shafe bangon ƙasa da siminti, ko da mai gida ya nace, kuma ko don wannan kaɗai kuɗinsu ya halatta. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitar da shi. Shafen siminti kuwa kamar sa wa mai gumi rigar leda ne: danshin ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta saki, waje yana nan sumul har ranar da zai ɓanɓaro gaba ɗaya. Ƙari kuma, siminti da ƙasa ba sa motsi tare idan rana ta buga, sai ƙananan tsagu su buɗe, ruwan sama ya shiga ya kasa fita. Inda suke barin siminti shi ne magudanar da ke nesa da bango, wadda za ta kwashe ruwan indararo ta kai shi lambatu.

A gyaran gindin bango ne aka fi ganin amfanin tsayawarsu. Leburan da ba a tsare shi ba zai so ya kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar daga wannan kusurwa zuwa waccan a yini ɗaya, kuma haka bango ke kifewa a kan mutane. Su sai an tokare rufin daga ciki, sannan a buɗe wurin da bai wuce mita 1 ba, a tsallake na kusa da shi, a buɗe na gaba. Sai wanda aka cike ya bushe ya ɗauki nauyi ake komowa ga wanda aka tsallake. Ƙasar da aka cire daga gindi zubar da ita ake yi saboda gishiri, amma ta saman bangon da ya faɗi suna sa a sake kwaɓa ta, don ta fi dacewa da tsohon ginin. Sabuwar ƙasa sai an jiƙa ta, an tattake ta da yankakkiyar ciyawa, an bar ta ta kwana biyu zuwa uku tana tsima, a sake tattakewa. Tubali kuma sai ya yi kamar mako 2 a rana. Dattijon yakan fasa guda daga cikin tsibi ya duba tsakiyarsa. In da sanyi a ciki, to ranar ba a gini da shi. Ba ya barin a ɗora fiye da sahu 3 ko 4 a yini, domin ɗanyen gini yakan zauna ya ja da baya daga tsohon, sai sabuwar tsaga ta fito daidai mahaɗar. Babbar tsaga ba cusa mata laka kawai suke yi ba. Akan faɗaɗa ta hawa-hawa, a gitta gajerun azara su kama ɓangarorin biyu, sannan a cike.

Wajen rufi ma sun san abin da suke yi. Azarar namijin giginya suke zaɓa, baƙar nan mai tauri ta gefen itacen, su ƙi mai farin ciki-ciki wadda gara ke so. Ba sa barin azara ta ɗauki tazarar da ta wuce kimanin mita 1.8 ba tare da madogara ba, abin da ya sa magabata suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun madogaran azara da laka masu ɗaukar rufi, don a samu ɗaki mai faɗi. Wani abin da mutane ba sa lura da shi: duk shekara ana ƙara ƙasa a kan rufi gabanin damina, ba a taɓa rage ta dā ba, har nauyin ya ninka, azara ta lanƙwashe, tsakiya ta zama kwari mai tara ruwa. Suna sa a sauke wannan tarin, a mayar da gangare zuwa bakin indararo. Bango makuba suke masa, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa aka kwaɓa ƙasa da shi, kuma da safe ko da yamma ake shafawa, don iskar hunturu da ranar bazara kan busar da shi da gaggawa ya tsattsage. Rufi ya fi son laso, haɗin katsin marina (abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini) da gashin awaki da yauƙin tsiron dafara. Katsi ya yi wuya yanzu tunda karofi sun ragu, kuma suna gaya wa mai gida gaskiya idan ba su samu mai kyau ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar.

Sai dai rauninsu babba ne, kuma ba ƙaramin damuwa yake sa ni ba. Ba sa ajiye bayani. Babu awon gini kafin a taɓa shi, babu zane, hotunan ma 'yan kaɗan ne a wayar matashin, ba kwanan wata, ba ma'auni a jiki. A gidan da ba shi da tarihi wannan ba komai ba ne. A zauren da ya shekara ɗari kuwa asara ce. An fi ganin illar a adon fuskar zaure: idan yaɓe ya saki, sai a kankare shi da dagi da sauran zanen da ke kansa, a sa mai shafe ya yi sabo daga ƙwaƙwalwarsa. Sabon yana da kyau, amma ba hannun mai ginin farko ba ne. Kamata ya yi a shimfiɗa farar leda a kwafe zanen, a auna zurfinsa, a bar duk ɓangaren da ke riƙe da bango. Wanda yake son ya ga darajar barin tsohon abu a inda yake, ya je ya dubi Hasumiyar Gobarau, ko tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 wadda yanzu gidan tarihi ce. Irin waɗannan suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma ba a taɓa su sai da izininta da rubutaccen tsari. Tawagar nan, a yadda take yanzu, ba ta kai ta jagoranci aiki irin wannan ita kaɗai ba. Sai an haɗa ta da masanin adana gine-gine.

Maganin gara ma bai gamsar da ni ba. Suna shafa wa kan azara baƙin man mota, wanda kan tsattsafo ya ɓata shafe, kuma ba sa bin hanyar garar har gidanta. Tsani da katakon takawa na leburori su ma ba sa samun kulawar da ta dace.

Kuɗinsu na yini ne, kuma hakan ya fi jimla a wannan aiki, don mai jimla gaggawa yake yi, ƙasa kuwa ba ta bushewa don ana sauri. Amma suna da saurin karɓar aiki a watan Mayu idan mai gida ya matsa, alhali hadari ya kusa. Kada ku yarda da haka sai in toshe yoyo ne na wucin gadi. A fara a Nuwamba, a yi tubali cikin hunturu, a rufe kafin ƙarshen Afrilu. Ku rubuta yarjejeniya da kanku tunda su ba za su kawo ba, ku sa a ciki cewa za a ɗauki hoton kowane bango da awonsa kafin a sa masa hannu, kuma za su dawo su hau rufin bayan ruwan Agusta. Ku riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗinsu sai sun yi wannan dawowar.