Flamengo ko Franca: wa ya fi a kwandon Brazil?

Ɗan uwa da ka yi tambaya a guruf ɗin nan cewa tsakanin Flamengo da Franca wace ƙungiya ce ta fi tarihi da kofuna a ƙwallon kwandon Brazil, har ka ce kai a tamaula kawai ka san Flamengo, to ga nawa bayanin. Tun farko gara ka san inda na tsaya, ni Franca nake ba, amma fa Flamengo ba kanwar lasa ba ce.

Flamengo dai ita ce wadda ka sani ɗin nan ta birnin Rio mai jesi ja da baƙi, an kafa kulob ɗin a 1895, kwando kuma ɓangare ne a cikinsa. A da can ƙarfinsu a jihar Rio ya tsaya, koci Kanela ya ci musu kofin jiha sau 10 a jere daga 1951 zuwa 1960, shi ne kuma ya ci wa Brazil kofin duniya a 1959 da 1963. Oscar Schmidt, shahararren ɗan wasan kwandon Brazil, shi ma a wurinsu ya yi ritaya a 2003. Amma kofin ƙasa sai 2008 suka ɗaga, daga nan aka fara sabon lig ɗin da ake kira NBB, su suka cinye na farko a 2009, sai 2013, 2014, 2015, 2016 huɗu a jere ba hutu, suka ƙara 2019 da 2021. Lokacin su Marcelinho Machado da koci José Neto gaskiya ba mai iya tare su.

Inda Flamengo ta fi ba ni sha'awa shi ne a waje. A 2014 sun haɗu da Maccabi Tel Aviv wadda ita ce zakarar Turai a shekarar, a kofin Intercontinental da ake ɗauka a matsayin kofin duniya na kulob-kulob, wasa biyu a Rio, Maccabi ta ci na farko 69-66, a na biyu Flamengo ta rama da 90-77 ta ɗauke kofin da jimillar maki. A shekarar har Amurka suka je suka buga wasannin share fage da ƙungiyoyin NBA, babban lig ɗin kwandon Amurka. Sun sake cin wannan kofi a 2022 a Alƙahira, suka doke Burgos ta Sifaniya 75-62. To a nan kam sun fi Franca, biyu da ɗaya.

Yanzu Franca. Wannan ba babban birni ba ne, gari ne a cikin jihar São Paulo da aka san shi da masana'antun takalma, mutanensa ba su kai rabin miliyan ba, kuma kulob ɗin ba shi da wata ƙatuwar ƙungiyar tamaula a bayansa da za ta riƙa ɗaukar nauyinsa, kwandon ne kawai. An kafa shi a 1959, kuma tushen abin wani malamin motsa jiki ne, Pedro Morilla Fuentes da ake ce wa Pedroca, wanda ya riƙa koya wa yaran gari wasan, yau filin wasansu sunansa yake ci, Pedrocão. Cikin yaransa akwai Hélio Rubens, ya buga musu ya zama kocinsu shekara da shekaru, yanzu kuma ɗansa Helinho ne koci bayan shi ma ya buga. Kamar gidan da aka gaji sana'a ne, uba ya miƙa wa ɗa. Sunan ƙungiyar ya yi ta canzawa saboda masu ɗaukar nauyi, yau Amazonas gobe Ravelli jibi Marathon, yanzu Sesi Franca, amma ba su taɓa naɗe tabarma ba.

Kofin ƙasa kuwa sun ci 11 tsakanin 1971 da 1999, wato lokacin da Flamengo ko ɗaya ba ta da shi, ga kofin zakarun Kudancin Amurka guda 6. Sai fari ya zo musu, sama da shekara 20 ba kofin ƙasa, har a 2019 Flamengo ta zo cikin Pedrocão ta ɗaga kofi a gaban jama'arsu a wasa na biyar na fainal, abin ya yi musu ciwo ba kaɗan ba. Ramuwar da suka yi ita ce ta sa nake ba su: 2022 suka doke Flamengo a fainal, 2023 suka doke São Paulo, 2024 Flamengo kuma, 2025 Minas, huɗu a jere, jimilla 15 kenan, Flamengo na da 8.

Shekarar 2023 ita ce ƙololuwa. Sun ci kofin zakarun nahiyar Amurka a gidansu, Flamengo ɗin suka doke a fainal, sannan suka tafi Singafo suka haɗu da Bonn ta Jamus a fainal ɗin kofin Intercontinental. Saura 'yan daƙiƙu a tashi Bonn na gaba da maki ɗaya, aka jefo wa Lucas Dias ƙwallo daga gefe, ya juya ya cilla, lokaci na ƙarewa ƙwallon na faɗawa raga, 70-69. Ka tuna sun taɓa zuwa na biyu a wannan kofi a 1975 da 1980, kusan shekara 50 kenan suna nemansa.

Wani abu kuma, Anderson Varejão da ya yi suna a ƙungiyar Cleveland ta NBA, a Franca ya tashi kafin ya tafi Barcelona, sai daga baya Flamengo ta ɗauko shi a 2018 bayan ya bar NBA. Nan ma za ka ga bambancin, Flamengo na da kuɗi da ɗimbin magoya baya a duk ƙasar, tana iya ɗauko manya, ita kuwa Franca da renon yara ta yi suna.

In kofunan waje na shekarun nan kake dubawa ba zan yi maka gardama ba in ka ce Flamengo, don ko a 2025 ita ta ci kofin zakarun nahiyar bayan ta doke Boca Juniors a Rio. Amma ka ce tarihi da kofuna ne tambayarka, a nan 15 da 8 ne, kuma fainal biyu na ƙarshe da suka haɗu a lig duk Franca ce ta ci.