Jar fitilar birki a Marsandin Baba, da garejin tsohon da ya gano bakin zaren

Mutane da yawa sun tambaye ni inda na kai motar nan tun ranar da suka ganta ta dawo titi, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Motar dai Marsandi ce 200 ƙirar 1982, samfurin W123 ɗin nan da aka yi daga 1976 zuwa 1986, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado kowa ya kawar da kai ni na ce a bar min. Ba kullum nake hawanta ba, Juma'a ce da ɗaurin aure.

Matsalar ta fara ne kamar wasa. Jar fitilar birki a dashbod sai ta yi ƙyaf ta ɗauke, musamman in na sha kwana a shataletale ko na taka birki da ɗan ƙarfi, in na miƙe hanya kuma shiru. Birki yana ci lafiya lau. Na biya wajen wani bakanike a unguwarmu ya buɗe bonet ya tsiyaya mai a robar, fitila ta mutu, na ba shi na ruwa na tafi ina murna. Sati biyu da 'yan kwanaki ta dawo, wannan karon ma ta zauna daram. Na leƙa ƙarƙashin motar inda take kwana ko ɗigo babu. Sai aka ce min ai aikin rewaya ne, na je, shi kuma ko hannu bai sa ba ya ce Alhaji tsohuwar mota ce wayoyinta sun gaji, kawo in zare maka kwan fitilar ka huta. Wallahi saura ƙiris in yarda don abin ya ishe ni, abin da ya hana ni kawai ina da tafiya Zariya da iyali.

Wani direban mahaifinmu na da shi ya kwatanta min garejin nan, yana can ta wajen Ƙofar Ruwa in ka saki titi ka shiga lungu, ba allo ba komai, alamarsa kawai tsofaffin Marsandi da Fijo 504 a jere wasu tayoyinsu sun nutse a ƙasa. Mai wajen dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota da rediyo a gefe. Na gaishe shi na fara zuba bayani, ya ɗaga min hannu. "Yaro tsaya. Yaushe take kamawa, kana tsaye ko kana tafiya?" Na ce da farko sai a kwana, yanzu kullum. Ya ce ita kaɗai ko da ta batir? Na ce ita kaɗai. Ya ce to ba caja ba ce. Ashe a motocin nan in ka murɗa makulli fitilun gargaɗin duk suna kamawa tare ne su mutu in inji ya tashi, don ta layin altaneta aka bi da gwajinsu, saboda haka in altaneta ta daina caji sai ka ga ta birki ma ta kama alhali birkin ba ruwansa. Shekara nawa ina hawan motar ban san wannan ba.

Yadda ya bi abin daki-daki shi ne ya sa nake rubutun nan. Ya ce jar fitilar abu biyu take gadi, hambirki da yawan man birki, shi cinyewar fad, wato takalmin birki, fitilarsa daban take. Hambirkin W123 kuwa na ƙafa ne, ka taka da ƙafar hagu ka saki da hannu, akwai ɗan makunni a jikin fedar wanda in ya maƙale fitila ba za ta mutu ba. Ya sa yaronsa ya kwanta ya haska, ya taka ya saki sau uku, lafiya. Sai ya dawo kan robar mai. A samanta akwai 'yan maɓallan roba guda biyu baƙaƙe, ƙarƙashin kowanne akwai abin da ke yawo a kan man, in mai ya yi ƙasa ya nutse ya haɗa wuta. Ya zare wayoyinsu fitila ta mutu nan take, ya mayar ta dawo. Ya kalle ni ya ce ka gani, fitilarka gaskiya take faɗa, da ka bari an cire mata harshe.

Robar ta tsufa ta yi ruwan ƙasa-ƙasa ba ka ganin cikinta sosai, sai da ya ɗora tocila a bayanta muka ga ɗaki biyu ne, ɗaya da mai ɗaya ya kusa ƙafewa. Ni duk lokacin nan ta bakin murfi nake leƙawa in ga mai in ce ai a cike take.

To ina man yake zuwa? Nan fa aka ɗau lokaci. Aka ɗaga motar aka cire tayoyi huɗu, ita duk huɗun faranti ne ba ganga, ya duba kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faranti, ɗaya bayan ɗaya yana shafa yatsa a bayan kowacce, ya lanƙwasa tiyon roba na kowace ƙafa yana neman tsaga, ya bi fayif ɗin ƙarfe har baya. A bushe. Fad ɗin gaba sun ci amma da sauransu, ya ce cin fad yana sa mai ya sauka a hankali amma ba ya shanye roba a sati biyu. Sai ya sa ni na shiga na taka birki na riƙe ba tare da na ƙara ƙarfi ba, ya ce kar ka saki, faɗa min abin da ƙafarka take ji. Kai jama'a, sai na ji fedar tana tafiya ƙasa a hankali a hankali kamar ka taka katifa. Gabana ya faɗi don a tuƙi ban taɓa lura ba, wa yake riƙe birki minti guda.

Ya kwance noti biyun da suka ɗaure masta, famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, a jikin sabo, wato baƙin tulun nan mai taimaka wa ƙafa, ya ɗan ja ta gaba. Bayanta sharkaf, fentin tulun ya kwaile ya yi ɓawo don man birki cin fenti yake. Robar bayan masta ce ta mutu, man yana zurarewa cikin tulun shi ya sa ba ya ɗiga ƙasa. Ya zura siririn tiyo da sirinji ya dinga zuƙowa, baƙin mai kamar shayin da ya kwana, sai da ya tara abin da ya ba ni tsoro a gwangwanin madara.

Na ce Baba ba za a sa mata kit ba, wato a canza robobin cikinta kawai, a rage kuɗi? Ya haska cikin mastar ya nuna min tsatsa ta yi rami-rami, ya ce sabuwar roba a wannan ramin wata guda ba za ta yi ba, in kana so a yi maka haka kai ta wani wajen. Bai sayar min da komai ba, shi ba ya sayar da kaya, yaronsa ya haɗa ni da shi muka shiga kasuwa, ta farko da muka kawo ya juya ta ya ce a mayar, ta biyu ya karɓa. Mai kuma ya ce DOT 4 a rufe da hatiminsa, ban da na tsiyaye. Dalilinsa man birki yana shan danshin iska, sabo sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma ruwan ne yake cin masta ta ciki. Ya tambaye ni yaushe rabon da a canza shi gaba ɗaya, na yi shiru, ina jin tun mahaifinmu na da rai. Ya kuma ja min kunne kar in kuskura wani ya zuba min man giya ko na inji a ciki wai don a lallaɓa, kumbura robobin yake yi gaba ɗaya. Cire iska ma da tsari ya yi, ya fara da tayar baya ta dama wadda ta fi nisa da masta ya ƙare a ta gaban direba, yaro yana ciki ana ta "taka, riƙe, saki" har sai da mai ya fito fari tas ba kumfa.

Yanzu abin da bai yi min ba, don kar a ce an biya ni. Ya ce gobe, sai da ta kwana uku. Waya ba ya ɗauka, in ka kira sau biyar yaro ne zai ɗaga ya ce Baba yana salla ko yana ƙarƙashin mota. Wajen zama babu sai benci ɗaya a rana, ba ya karɓar tiransifa sai ka nemo mai POS, kuma ɗaya daga cikin yaran ya bar min shatin hannu na baƙin mai a kujerar gaba wadda har yau ban gama fitarwa ba, wannan ya ƙona min rai sosai don kujerun na asali ne. Kuɗin aikinsa ma ya fi na unguwa nesa ba kusa ba kuma ba a ragi, na gwada, ya ce in je wajen mai cire kwan fitila ya fi araha. Ga faɗa, in ba ka jure a yi maka faɗa a gaban yara kamar ɗan firamare to ka shirya.

Amma kafin ya ba ni makulli sai da ya sa na danna maɓallan robar nan biyu da hannuna ɗaya bayan ɗaya, yaro yana kallon dashbod yana cewa ta kama, ta mutu, ya ce duk wata ka yi haka, in ka danna ba ta kama ba ka zo. Mun je Zariya mun dawo, wata biyu ke nan mai yana nan inda ya bar shi. In motarka ta zamani ce mai kwamfuta kar ka wahalar da kanka, na ga ya mayar da wani mai sabuwar Honda tun daga bakin lungu. Ni dai fad ɗin gaba ya ce in dawo da su bayan salla, kuma wannan karon da tsohon zani zan je in rufe kujeruna.