Hattara da masu saka kyamarar tsaro da alkawarin "tana riƙe wata guda"

Masu shaguna, ku ji abin da ya sami ƙanena mai sayar da atamfa a Kano. Wani yaro da ya ga tallarsa a Facebook ya zo ya saka masa kyamara takwas da akwatin DVR, wato na'urar da ke ajiye hoton kyamarorin, ya rubuta a rasit cewa faifan ajiyar 2TB ne (wato 2,000GB), zai riƙe hoton kwana 30. Ya karɓi kuɗinsa cas, har da na mota.

Da aka yi lissafin kaya aka ga turmi goma sha biyu sun yi ƙafa, ana kuma zargin tun makon jiya ne. Muka zauna gaban allo muna mayar da hoto baya, sai ya cije a shekaranjiya. DVR idan faifansa ya cika ba ya sanar da kowa, sabo yake ɗorawa a kan tsoho. Na karɓi sukudireba na kwance akwatin. Sitikar 2TB ce a manne, na ɓamɓare ta da farce, ga 500GB a ƙasa, tsohon faifan kwamfuta har da ƙura. Lambar yaron kuwa tun ranar a kashe take.

Abin da ya fi ba ni haushi, ko da faifan na gaskiya ne, alkawarin ƙarya ne tun farko, kuma da wayar hannu za a iya gano haka. Kowace kyamara tana da yawan bayanan da take turawa a daƙiƙa, ana auna shi da Mbps. 1Mbps yana cin kusan 10.8GB a kwana ɗaya, dare da rana. Kyamara mai ingancin hoto 1080p da aka saita a 2Mbps tana cin kusan 22GB ke nan, takwas kuma kusan 173GB. Raba 2,000GB da wannan, kwana 11 za ka samu. Wata cikakke sai faifan 6TB. Idan na'urar tana aiki da tsarin matse bidiyo na H.265 a maimakon na H.264, cin yakan ragu da kusan rabi, a kai mako uku. Shi kuwa 500GB ko kwana uku ba ya cikawa, kuma shagon ƙanena sola gare shi, na'urar ba ta hutawa.

Akwai masu wayon da ba sa taɓa sitika. Sai su shiga saiti su rage ingancin abin da ake ajiyewa, hotuna 25 a daƙiƙa su koma biyar ko ƙasa. A allo kana ganin shagonka tar, amma ranar da ka nemi fuskar ɓarawo sai ka ga dishi-dishi, ko uwarsa ba za ta shaida shi ba. Wasu kuma su saita ta sai an yi motsi take ɗauka. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa maka, sai dai a kasuwa yaushe motsi yake tsayawa?

Kafin ka cika kuɗi, ka ce a buɗe maka shafin faifai a DVR ɗin. 2TB na gaske zai nuna wajen 1,860GB, haka lissafin na'ura yake, kada ka ɗaga hankali. A nan kusa akwai S.M.A.R.T., yana nuna awannin da faifan ya yi yana aiki. Sabo ba ya nuna dubbai. Ka nemi irin wanda aka yi don aikin dare da rana, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk, a yage ledarsa a gabanka. Ka tsaya a gaban kyamara, sannan a mayar da hoto ka kalli fuskarka a abin da aka ajiye. Masu ƙananan kyamarorin mimori ma ku gwada katin da manhajar H2testw, don ana rubuta 128GB a kan katin da bai kai kwata ba.

Ni dai yanzu kashi uku na kuɗin nake riƙe ɗaya, sai bayan mako biyu na duba kwanan watan hoto mafi tsufa.