Sharhi kan inshorar lafiya ta mutum ɗaya da na saya

Ɗinki nake yi a Kano, ba ni da albashin da za a riƙa cire mini kuɗin inshora a ciki, shi ya sa na je da ƙafata na saya a wani kamfanin HMO, wato kamfanin da ke sayar da inshorar lafiya yana biyan asibitoci, irin wadda ake biya sau ɗaya a shekara. A ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma zan sabunta in Allah ya kai mu. Sai dai daɗinta da wahalarta duk sun fi rataya a kan asibitin da ka zaɓa, ba sunan kamfanin ba.

Kafin in biya ko sisi, jerin asibitocinsu na fara karɓa. Na ɗauki wanda ke kusa da unguwarmu, na je wajen ma'aikaciyar da ke kan teburin masu inshora na ce, "Hajiya, don Allah waɗannan mutanen suna biyanku a kan lokaci?" Ta ce suna biya. Wannan amsar ta fi mini duk takardun tallarsu, domin asibitin da yake bin kamfani bashi, kai mai kati za ka ɗanɗana: a bar ka kan benci, ko a ce maganin ya ƙare, je ka saya a kemis.

Ta fannin ƙananan ciwo ba ni da ƙorafi. Zazzaɓin cizon sauro, gwajin jini, ganin likita, ka miƙa kati a duba sunanka a kwamfuta, shi ke nan. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne na daina jinya a gida ina lissafin aljihu.

Inda suka gajiyar da ni wajen lambar izini ne. Duk abin da ya wuce ƙaramin ciwo, kamar hoton ciki ko tura ka wajen likitan ƙwararru, sai asibiti ya nemi kamfani ya turo lamba. Ranar da aka rubuta mini hoto, tun hantsi nake zaune har aka kira la'asar, ma'aikaciyar tana ta buga waya ba a ɗauka, ni kuma ga ɗinkin biki na jirana a shago. A 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta umarci kamfanonin su riƙa ba da lambar cikin awa ɗaya, don haka mai kati yana da haƙƙin ya ɗaga murya, kuma ya kamata ya ɗaga.

Sai shafin abubuwan da ba sa biya, wanda wakilin kamfani ba ya ɗokin buɗe maka. A tsarina, ciwon da ka shigo da shi, irin hawan jini ko ciwon suga, sai an yi watanni ana jira kafin su ɗauki nauyinsa. Haihuwa ma haka, wadda ta saya da ciki ba za ta amfana ba. Tiyata kuma tana da iyakar kuɗi a shekara, in an wuce ta sai ka cika daga aljihunka. Wannan iyakar ita ta sa na bar tsari mafi araha na ɗauki na tsakiya.

Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, kuma ba lallai sai ta kamfani ba. Akwai shirin GIFSHIP na tarayya da mai sana'ar hannu zai iya shiga shi kaɗai ko da iyalinsa, a Kano kuma akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KSCHMA. Mai hawan jini ko magidancin da ke da yara da yawa, gara ya fara leƙa waɗannan ya kwatanta kafin ya nufi kamfani irin nawa.