Sharhina a kan Tailscale: yanzu daga Kano nake duba reshenmu na Zariya

Wallahi ban taɓa zaton manhajar da ban biya ko kwabo a kanta ba ce za ta raba ni da matsalar da ta cinye min kuɗi haka. Kayan gini nake sayarwa a Ƙofar Ruwa, muna da reshe a Zariya, kuma buƙatata ba ta taka kara ta karya ba: in buɗe kwamfutar lissafin reshen daga inda nake zaune, in kuma kalli kyamarorin can ba sai na hau titi ba.

Wanda ya haɗa mana kyamarorin shi ya fara karɓar aikin. Ya ce abu ne mai sauƙi, ƙofar shiga daga waje kawai zai buɗe a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a shagon. In kana cikin shagon komai na fitowa tar a waya, da ka fita ka koma kan datarka shi ke nan, sai baƙin allo. Ya ce rautar ce, na sayi sabuwa. Ya ce layin ne, muka canja. Kowane zuwa da kuɗin mota da na aiki. Daga ƙarshe ya ce sai dai in nemi kamfanin layin ya ba ni adireshi na dindindin da zan riƙa biya duk wata.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ne ya duba abin da ya zo hutu. Ya sa yaron shago ya buɗe shafin rautar, sai ga adireshin da kamfanin ya ba mu ya fara da 100, alhali wanda duniya ke gani a intanet daban ne. Ya ce, "Kawu, wannan ƙofar ko shekara za a yi ana buɗe ta, babu mai shigowa." Ashe tsofaffin adiresoshin intanet, masu kimanin biliyan 4.3, sun yi wa duniya kaɗan, shi ya sa kamfanonin waya ke tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. CGNAT ake ce wa tsarin, kuma tun 2012 aka ware masa lambobi daga 100.64 zuwa 100.127. Kamar gidan haya ne mai lamba ɗaya a bakin ƙofa: wasiƙa za ta iso gidan, amma ba a san ɗakin da za a kai ta ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne wannan dubawar ba ta ɗauki lokacin shan shayi ba, kuma mai karɓar kuɗina bai taɓa yin ta ba.

Nan ɗan ƙanwata ya saka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorin mutum ta intanet kamar suna wuri ɗaya, a wayata, da kwamfutar ofishina, da ta reshen, duk muka shiga da asusun Google ɗaya. Dabararta ita ce kowace na'ura ita ke fita ta nemi 'yar'uwarta, don haka ba a jiran kowa ya ƙwanƙwasa daga waje. A kan WireGuard, wani tsarin kulle bayanai a hanya, aka gina ta, abin da ke wucewa tsakani a kulle yake. Kowace na'ura ta samu adireshinta da ba ya canjawa, har da suna, ta Zariya muka sa mata "reshe". Da na ga lissafin cinikin ranar ya buɗe a gabana ina zaune a Kano, sai da na kira yaron na ce ya karanto min jimillar, don in tabbatar ba tsohon shafi nake kallo ba. Daidai take.

Na'urar naɗar hoton kyamara ba ta ɗaukar manhajar, saboda haka aka sa kwamfutar reshen ta zama gada, ta sanar cewa duk mai neman na'urorin shagon ya biyo ta kanta. Sai ka shiga shafin kula da asusun ka amince da hanyar kafin ta fara aiki, wannan kuma ya kwanta min, don ba kowa zai buɗe hanya yadda ya ga dama ba.

To a nan ne aikin mutumin nan ya sake taso mana. Muna kunna hanyar, firintar ofishina ta Kano ta daina amsawa. Ashe duk shagunan biyu ya bar su a kan 192.168.1, yadda rautocin suka zo daga kwali. Kwamfuta ba ta da yadda za ta bambance 192.168.1.10 na nan da na can. Maganin shi ne a mayar da Zariya kan 192.168.20, a ba na'urar kyamara 192.168.20.10 ta zauna a kai, a nuna mata rauta a 192.168.20.1. Aikin minti kaɗan ne, in kana da kalmar sirrin na'urar. Mu ba mu da ita. Kayan da na saya da kuɗina, a shagona, amma mabuɗin na aljihun wani. Na kira, ya ce, "Alhaji, ai ba a ba wa kwastoma, kar a lalata saiti." Daga baya ya daina ɗaga waya. Sai da na bi ta wajen wanda ya haɗa mu, dattijo ne da yake jin nauyinsa, sannan ya turo. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba kuɗin ne ya fi damuna ba, rainin ne.

Tun da aka raba lambobin ban sake samun rikici ba. Ɗan ƙanwata ya kashe wa kwamfutar reshen wa'adin mabuɗinta, don a yadda aka tsara, bayan kwana 180 sai an sake shiga asusun, ni kuwa ba na son ranar ta same ni ina nesa. Ya kuma saita ta ta riƙa tashi da kanta in an kawo wuta, muka ɗora ta a kan inbata, saboda in ta mutu gadar ta karye.

Da a nan aka tsaya, da sai yabo zalla. Sai dai da yamma, daga bayan la'asar zuwa isha'i, hoton kyamara yakan riƙa tsayawa yana tafiya. Lissafi yana buɗewa lafiya, bidiyon ne ke wahala, don layin da ke reshen ba shi da ƙarfin turawa in mutane sun yi yawa a kansa. Na rage ingancin hoton, ya ɗan yi sauƙi, amma fuskar mutum ba ta fita sosai, kuma lokacin tashi daga kasuwa shi ne lokacin da na fi son gani. Data ma na tafiya in na bar kyamarorin duka a buɗe. Manhajar ta yi abin da na nema, kamfanin layin ne zan rabu da shi da zarar datar wannan watan ta ƙare.