Gargaɗi: masu tallan 8100 UC a rabin kuɗi, asusunku suke farauta

Jama'a, cikin ɓacin rai nake wannan rubutu, kuma ba zan lallaɓa magana ba. Wasu ɓarayi sun cika guruf-guruf na masu buga PUBG Mobile da tallan UC (kuɗin cikin wasan da ake sayen kaya da su) mai araha: 8100 UC a rabin kuɗin da kamfani ke sayarwa. 8100 UC, a rabin kuɗi. Masu buga Free Fire ma ba su tsira ba, su da dayamon, kuɗin cikin nasu wasan, ake kama su, amma tarkon iri ɗaya ne. Abin da suke nema shi ne asusunka na Facebook ko na Google wanda kake shiga wasan da shi, su kwashe shi, su haɗa da kuɗin da ka tura musu. Abin kunyar kuma namu ne, mu da muka daɗe a harkar: mun ga tallan yana yawo mun yi shiru, muna ganin ai kowa ya san ƙarya ce. Ashe ba kowa ba.

Kada wani ya zo yana cewa wawaye ne kawai ake cuta. Wallahi ba haka ba ne. Waɗanda ake kamawa mutane ne masu taka-tsantsan, waɗanda suka ce sai sun gwada kafin su yarda, kuma gwajin ne ma ya kai su. Ga yadda abin yake. Ka yi wa mutumin magana, ka ce kana tsoro. Ba zai yi fushi ba. Zai ce, "Ɗan'uwa kana da gaskiya, duniya ta lalace. Turo min ID ɗinka kawai, in saka maka 60 ka gani." Ka tura ID, wato lambarka ta ɗan wasa. Cikin minti biyu ko uku 60 UC ta shigo asusunka. Ta gaske ce, kana ganinta, za ka iya kashe ta. Ita ce ƙaramar ƙunshi da ake sayarwa, ya saya maka ita da kuɗinsa ta hanyar da kowa ke saya. Tsaba ce ake watsa wa kaza. Amma wane mai hankali ne zai ga kaya sun shigo da idonsa ya ci gaba da zargi? 60 UC. A kan 60 UC ake sayen amanar mutum.

Kafin wannan ma, na tsallake abu mai muhimmanci. Yawancin mutane ba daga baƙo suke jin tallan ba. Daga aboki ne, wanda kuka shekara kuna buga wasa tare, ya turo saƙo ta Messenger: "Na saya a wurinsa, mutumin kirki ne." Hoton abokin ne, sunansa ne, tsohuwar hirarku tana sama. Sai daga baya ake gane cewa an riga an ƙwace asusun abokin tun makon jiya, ɓarawon ne yake rubutu da shi, ya karanta hirarku ya kwaikwayi yadda yake magana. Shaidun da ake jerawa a ƙarƙashin tallan ma haka ne, "na samu nawa", "Allah ya saka", duk asusun waɗanda aka cuta ne ake magana da bakinsu. To mutum ya tambayi aboki, ya gwada da ƙarami, ya ga shaidu. Me kuma ya rage na bincike da bai yi ba? Shi ya sa nake ƙin jin ana zagin waɗanda abin ya shafa.

Sai a zo kan 8100. A nan magana take canjawa, kuma a hankali take canjawa. "Manyan ƙunshi ba sa shiga ta ID, sai na shiga asusun na saya daga ciki." Ko ya ce farashin wata ƙasa yake amfani da shi, dole sai ya shiga daga can. Ko ya ce minti biyar kawai, da ya gama ka canja kalmar sirrinka. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce ta fi ƙona min rai, domin ita ce ke sa mutum ya ji yana da mafita. Ya ce wa kansa, ai zan canja. Ƙarya ce tsagwaronta cewa babbar ƙunshi ba ta shiga ta ID. A Midasbuy, shagon da ke sayar da UC a hukumance, lambar ID ta ɗan wasa ake sakawa, sunan asusun ya fito ka tabbatar, a biya. 60 da 325 da 660 da 1800 da 3850 da 8100, duk ta ƙofa ɗaya suke shiga. Hanyar da ya bi ya saka maka 60 ɗin nan, ita ce dai za ta ɗauki 8100 ba tare da ya san ko harafi ɗaya na kalmar sirrinka ba.

Ka tura rabin kuɗin. Ka tura imel da kalmar sirri. Sai wayarka ta yi ƙara.

Wannan daƙiƙar nake so kowa ya tsaya a kanta. Lamba shida ta tabbatar da cewa kai ne mai shiga asusun ta shigo ta saƙon tes, ko ta bayyana a manhajar tantancewa, wato manhajar da ke fitar da irin wannan lamba. Shi kuma yana kan layi, ko yana jero saƙonni: "Yi sauri maigida, kod ɗin zai mutu." Kuma gaskiya ya faɗa, lambar manhajar tantancewa duk daƙiƙa 30 take canjawa, shi ya sa gaggawar take kama da ta gaske. In Google ne, allo zai fito yana tambaya ko kai ne kake ƙoƙarin shiga, ya nuna irin na'urar da wurin da take, wani lokacin ya jero lambobi uku ka zaɓi ɗaya. Sai ya ce, "Danna eh, ka zaɓi 47." Wayar tana faɗa maka ƙarara cewa wata na'ura a wani wuri tana son shiga. Saƙon kansa yakan ce kada ka ba kowa wannan lamba. Amma ka riga ka biya, ka riga ka ga 60 ta shigo, abokinka ya ce mutumin kirki ne, ga muryarsa mai ladabi a kunnenka. Lamba shida. Daƙiƙa 30. Mutum ya karanto masa ita ɗaya bayan ɗaya, har yana tambaya ko ya ji da kyau.

Waɗanda suka fi ƙwarewa ba ma lamba shidan suke tambaya ba. Cewa suke, don kada mu riƙa damun ka, turo lambobin ajiya. Google yana ba da guda 10, kowace mai lamba 8, kowace tana buɗe ƙofa sau ɗaya ko da wayarka ba ta kusa. Facebook ma yana da irinsu guda 10. Wanda ya ɗauki hoton shafin nan ya tura, makullai goma ya miƙa a lokaci guda.

Minti biyar ɗin da ya ce kuwa, ya ishe shi. Ba gem ɗin yake fara buɗewa ba. Saitin tsaro yake shiga: ya canja kalmar sirri, ya cire lambar wayarka ya sa tasa, ya canja imel ɗin dawo da asusu, ya fitar da duk na'urorin da ke ciki har da taka, ya ɗora tasa manhajar tantancewa. Kana can kana sabunta shafi kana jiran 8100, sai Facebook ya watso ka waje. Ka koma wurinsa, alama ɗaya ce a jikin saƙonka, hotonsa ya ɓace. Wasu ba sa ma toshe ka nan take. Sai su ce an samu tangarɗa, asusun ya kulle, turo ragowar rabin kuɗin a buɗe. Mutane suna turawa, domin a lokacin ba UC suke tunani ba, shekarunsu na wasa suke tunani, da kayan sawa da fentin bindigogin da suka tara. Rabin kuɗi da rabin kuɗi, cikakken kuɗin 8100 ke nan ya tafi, kuɗin da zai sayi 8100 ɗin a shagon gaskiya ba tare da fargaba ba. UC ɗin da ta shigo kuwa 60 ce.

Kuma in Google ka bayar, ka daina lissafin gem. Hotunanka da ke hawa Google Photos suna ciki, har da na iyali da na katin shaida da mutane ke ɗauka su manta. Lambobin mutanenka suna ciki. Duk kalmomin sirrin da Chrome ya ajiye maka suna ciki. Gmail ɗin nan shi ne inda kowane shafi ke turo saƙon "na manta kalmar sirri", don haka wanda ya riƙe shi zai bi sauran asusunka ɗaya bayan ɗaya. Har wayar da ke hannunka yana iya kullewa ko ya goge ta daga nesa ta tsarin neman waya na Google. Wannan duk saboda 8100 UC.

Akwai kuma wanda zai ce, ni ai na saya a rabin kuɗi kuma ta shigo, ba a taɓa asusuna ba. Ka jira. Irin wannan yawanci da katin banki na sata ake saya, ko a saya sannan a nemi shagon manhaja ya mayar da kuɗin. Bayan kwanaki ko makonni mai katin ya kai ƙara, banki ya janye kuɗin, kamfanin gem ya waiwayi asusun da kayan suka shiga. Naka ne. Ko a zare UC ɗin har lissafinka ya koma ƙasa da sifili, ko a rufe asusun, mai sayarwa kuma ya daɗe da canja suna. Ku yi lissafin da kanku mana. Kason da shagunan Google da Apple ke cira a cinikin cikin manhaja bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, shi ya sa shagon da ke sayarwa kai tsaye yake iya yin ɗan sauƙi ko ya ƙara maka kyauta. Daga ina mutum ɗaya da wayarsa zai samo ragin kashi 50? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na manta ban faɗi na shafin bogi ba, kuma sau da yawa shi ne ma yake zuwa kafin maganar kod. In ka ƙi ba da kalmar sirri, sai ya ce babu komai, shiga da kanka ta wannan linki. Shafin ya buɗe da tambarin Midasbuy, da launinsa, wani lokacin da ƙafar sa'a mai juyawa wadda kullum kai ne ke cin babbar kyauta. Ka danna karɓa, sai wani ɗan akwati ya fito kamar na shiga Facebook. Zane ne a cikin shafin, har adireshin da ke samansa zane ne. Abin da ka rubuta a ciki kai tsaye wurinsa yake tafiya. Adireshin da ke saman burauzarka can ƙoli shi kaɗai ne na gaske, kuma in ka duba za ka ga an ƙara harafi ko an liƙa wata kalma.

Hotunan hirarrakin suna nan, da na tallan, da na shafin bogin. Zan ɗora su da zarar an gama rufe sunaye da lambobin waɗanda aka cuta, domin ba zan ƙara musu tozarci a kan wanda suke ciki ba. Za ku ga jumlar "yi sauri kod zai mutu" tana maimaituwa kusan kalma da kalma a hannun mutane daban-daban. Za ku ga 60 ɗin. Za ku ga inda aka ce minti biyar.

Wanda abin ya riga ya same shi, awannin farko su ne komai. Buɗe tsohon imel ɗinka, Facebook yana tura saƙo idan an canja imel ko kalmar sirri, a cikinsa akwai wurin dannawa ka ce ba kai ba ne. In bai yi ba, facebook.com/hacked. Na Google kuma g.co/recover, kuma ka yi shi daga wayar da ka saba shiga da ita, a kan intanet ɗin da ka saba, domin tsarin yana duba wannan. Google yakan ci gaba da amincewa da tsohuwar lambar wayar dawo da asusu har kwana 7 bayan an canja ta, kada ka bari su wuce. In ka samu shiga, canja kalmar sirri bai isa ba: fitar da duk na'urori, sabunta lambobin ajiya don tsofaffin su mutu, duba Gmail ko an saita tura wasiƙunka zuwa wani adireshi, sannan ka buɗe saitin gem ka ga ko an liƙa wani asusun da ba naka ba. Wajen kai ƙara ga kamfanin gem, ID da rasit ɗin tsohon ciniki ne hujjarka, na Google Play lambarsa da GPA take farawa. Ka sanar da mutanenka ta wata hanya cewa kada su amsa saƙon asusunka. Duk wanda ya biyo ka yana cewa shi ƙwararre ne, zai dawo maka da asusu in ka biya, ɓarawo na biyu ne, wani lokacin ma na farkon ne da sabon suna.

Sauran ku kuma: ID kawai. Ya tambayi kalmar sirri, ko lamba shida, ko lambobin ajiya, ko ya ce danna eh, ku toshe shi. Aboki ya turo talla, ku kira shi ku ji muryarsa kafin ku tura ko sisi.